Ba Duk Roba Ce Ɗaya Ba

Kalma ɗaya muke da ita, watau roba, amma abubuwan da muka ɗora mata sun fi goma. Bokiti roba, kujera roba, murfin kwalba roba, har da takalmin shiga gonar citta da damina. Na sha tsayawa a kasuwar Kafanchan ina sauraron ciniki tsakanin mata da masu sayar da baho, amma ban taɓa jin an tambayi da wace irin roba aka yi shi ba. Kauri ake dubawa, da launi, da kuɗi. A ganina tambayar da aka bari ita ce babba, domin a cikin bahon nan za a dama kunun da yara za su sha.

Yawancin kayan nan zuba su ake yi, kamar yadda maƙera ke zubin tukunyar dalma. Robar takan iso masana'anta tana 'yan ƙwayoyi kamar dawa. Sai a zuba ta cikin bututun ƙarfe mai zafi ta narke, sa'an nan inji ya ɗura ta da ƙarfi cikin mazubi. Kafin minti guda ta sandare, kayan ya faɗo. Wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, shi ya yi rajistar injin farko a 1872. In mai karatu ya kifa bokitinsa zai ga ɗan ƙululu a tsakiyar gindi, to, nan ne ƙofar da narkakkiyar roba ta shiga.

Kusa da ƙululun, in masana'antar mai kula ce, akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. A Amurka aka fito da wannan tsari a 1988. Lamba 5 ita ce folifirofilin, wadda ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160, saboda haka tafasasshen ruwa ba ya yi mata kome. Da ita ake yin kujeru da kwanukan abinci. Lamba 2 foliyetilin ce mai tauri, ta akwatin lemo da bokiti, ba ta jure zafi kamar waccan, amma ta fi jure faɗuwa. Lamba 6 folistirin ce, ta cokalin da ake yarwa bayan biki, mai saurin karyewa, tana kuma saki tun ruwa bai gama tafasa ba. Lamba 3 kuwa, fibisi, ta mahaɗin bututun famfo ce da takalma, ba ruwanta da abinci.

Ba daga nesa ake samun dukkansu ba. Masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal, wadda kamfanin Indorama ya saya a 2006, tana yin foliyetilin da folifirofilin, matatar Dangote ta Legas kuma ta fara fitar da folifirofilin a 2025. Daga ƙwayoyi irin waɗannan masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano ke zuba kayan da muke saye.

To, inda gizo ke saƙa shi ne wajen haɗi. Sabuwar ƙwaya tana da tsada, don haka akan gauraya ta da tsohuwar robar da 'yan bola jari suka tsinto aka niƙa, a ƙara garin farar ƙasa don nauyi. Sake narka roba ba laifi ba ne, lalle ya fi a bar ta ta toshe magudanan ruwa. Amma in aka haɗa iri biyu da ba sa jituwa, kayan ba ya ƙarko. Rana ma tana cin folifirofilin in ba a sa mata maganin kariya ba. Masu ba da hayar kujeru a bikin aure, ko a bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, sun san ƙarar ƙafar kujera in ta karye ƙarƙashin babban baƙo.

Baƙin baho ya fi damuna. Baƙin launi yana rufe kowane irin haɗi, ba mai iya sanin ko akwai jarkar maganin ciyawa ko gangar jikin tsohon talabijin a ciki. Ni dai a gidana wanki ake yi da shi, ba ya kusantar abinci mai zafi.

Abin ya kan tuna mini da ƙauyen Nok, nan ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Maginan da suka yi su fiye da shekara 2,000 da suka wuce suna cuɗa yumɓunsu da tsakuwa don kada ya fashe a wuta, watau sun san abin da suke haɗawa da dalilin haɗa shi.

Ga wanda bai sami lamba a gindin kayansa ba, akwai gwajin da masu niƙa tsohuwar roba ke yi. A jefa ɓallen cikin ruwa. Foliyetilin da folifirofilin kan taso sama, fibisi da folistirin kan nutse. Ɓallen kujera kuwa in ya nutse, alama ce farar ƙasa ta yi yawa a cikinsa.