Kuɗin Gwamnati Da Gadon Ɗiyata

Akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina tun bikin ɗiyata ta fari, na ga gara in fito da ita ko zan samu sauƙi, domin ni kaina ba ta bar ni ba.

Mu mutanen Yawuri mun buɗi ido ne muka tarar da iyayenmu suna ƙorafi da gwamnati. Kakata a tsibiri aka haife ta, a tsakiyar kogin Kwara, suna noman albasa mazajensu na su. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tayar da mutane fiye da 40,000 daga mazauninsu, aka kai su gidajen da gwamnati ta gina a tudu. Har ta koma ga Allah, Kaka ba ta taɓa kiran wannan gida "gidanmu" ba, sai dai "gidan gwamnati". In an ɗauke wuta da dare tana laluben fitila, sai ta ce, "Mun ba su ƙasa sun yi lantarki, sun bar mu da aci-bal-bal." Da wannan muka tashi. Gwamnati wata aba ce can nesa, mai karɓa ba ta mayarwa, kuɗinta kuwa kamar ruwan tafkin nan ne, wanda ya samu guga ya ɗiba.

Kuma ba zan ce ƙorafin ba shi da tushe ba. Hukumar HYPPADEC, wadda aka yi domin raya yankunan da ake samar da lantarki daga ruwansu, tun 2010 aka sa wa dokarta hannu, amma sai a ƙarshen 2020 aka ƙaddamar da shugabanninta. Shekara goma ke nan ana jira. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwan nan da ya taso daga Lokon Minna ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kafin ya isa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, cikinsu har da mata da ƙananan yara. Waɗanda aka ceto da rai ba su da yawa. A gidan gaisuwa babu abin da kike ji sai "ina kuɗin suke tafiya?" Daga baya an raba rigunan kariya a bakin ruwa, amma mai rai ne yake sa riga.

To ni ma ina cikin masu yin wannan tambaya, har muryata ta fi ta kowa. A unguwarmu an taɓa haƙa mana rijiyar burtsatse, aka kafa allo babba, aka yi taro da hotuna. Ba ta yi wata shida ba ta tsaya. Na yi shekara biyu ina tsine wa ɗan kwangilar da ban taɓa gani ba, kullum ina sayen ruwa wurin 'yan garuwa.

Sai ga bikin ɗiyata ya matso. Duk uwar da ta aurar ta san yadda kayan ɗaki suke hana barci: gado, katifa, kujeru, ga kayan kicin, ga gara. Autanmu yana aiki a sashen kuɗi na wani ofishi, ni na yi renonsa, da hannuna na yaye shi. Na shirya na je gidansa bayan la'asar, muka gaisa, na ce, "Auta, gado da kujeru suna wuyanka."

Ya yi shiru, sannan ya ɗauko wayarsa ya nuna mini saƙon albashinsa. Ya ce, "Yaya, ga abin da nake samu. Zan ba ki rabi wata biyu, mu ci tuwo da miyar kuka ni da yara."

Wallahi 'yar'uwa, kin san abin da ya fito daga bakina? Na ce, "Kai da kake zaune a kan kuɗi, albashi za ka nuna mini?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, in na yi miki gadon, daga irin kuɗin burtsatsenku zai fito. Wanne kike so?"

Na tashi na yafa mayafina na fita ko sallama ban yi ba. Na yi mako uku ba na ɗaga wayarsa. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne duk wadda na kai wa ƙara a dangi, bayana ta bi. Gwaggonmu ta ce yaron nan ba shi da zuciya, Allah ya ba shi dama ya tsaya tsoro. Wata ta kawo misalin ɗan maƙwabta da ya yi shekara uku kacal a kujera ya kai uwarsa da matansa Makka. Babu wadda ta tambayi da me ya kai su. Mu ɗin nan da muke zagin ɓarayin gwamnati da safe, mu ne da yamma muke raina ɗanmu don bai zama ɗaya daga cikinsu ba.

Maigidana ne, wanda ba ya son shiga maganar danginmu, ya zaunar da ni wani dare. Ya ce in duba katin waya da nake saye, da sabulu, da atamfa: akwai harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100 a kansu tun 2020. Ga tikitin da ake yankar wa mai kifi da mai albasa a kasuwar Yelwa. Ga kuɗin fetur da ya ninka bayan an cire tallafi a watan Mayun 2023, wanda ya sa kason da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata ya ƙaru. Ya ce, "Kuɗin da kike cewa na gwamnati, daga bakin zanenki ya fita." Ya kuma gaya mini ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu, Yawuri da Ngaski da Shanga duk suna ciki, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Shekara nawa ina kukan burtsatse, ban taɓa sanin akwai adadin da zan iya riƙewa in tambayi kansilanmu ba. Abin da na sani kawai shi ne in ya zo yaƙin zaɓe in karɓi turmin atamfa da taliya.

Ban ce kowane ma'aikaci irin Auta ne ba, kuma ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a kan ɗan kwangilar nan ba. Ruwa dai har yau saye muke yi.

Gadon kuwa, na sayar da tumakina biyu, na kwashi adashi, Auta ya kawo rabin albashinsa kamar yadda ya ce, muka sa kafinta a nan gari ya yi mata daidai ƙarfinmu. Ranar jere na ji wata daga dangin ango tana raɗa cewa ai an ce kawun amarya a ofishin kuɗi yake. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da jera kwanuka. Da daddare na zuba dambun nama a kwano na aika wa Auta, don har yanzu bakina bai iya ba shi haƙuri ba.