Kafin Ka Hau Motar Legas

Ɗana, na ji mahaifiyarka ta tayar da hankalinta don za ka Legas neman abinci, wai garin ɓarayi ne. Zauna ka ji daga bakin wanda ya yi shekara talatin yana jan tirela tsakanin Kano da Apapa.

Ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. Alƙaluman da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar na shekarar 2017 sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na laifukan da aka kai wa 'yan sanda a Najeriya a Legas aka kai su, Kebbi kuwa ita ce ta ƙarshe. To amma lura, ƙarar da aka kai ake ƙirgawa. Mutumin Legas aka fizge masa waya, ga ofishin 'yan sanda a bayan layinsu. Manomin da ke gefen dajin Rugu aka kore masa shanu hamsin cikin dare, wa zai kai wa ƙara? Mai gari ya sani, liman ya sani, takarda ba ta sani ba. Sai da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, aka bi da 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, sannan mutanen birni suka fara jin abin da ƙauye ya daɗe yana haɗiyewa.

Ɓarawo inda dukiya take yake kwana. Neja Delta bututun mai ake fasawa, Zamfara shanu ne da zinare da kuɗin fansa, nan Kano kuwa kai ma ka san yadda yaran unguwa ke ƙwacen waya da wuƙa bayan magariba. Don haka kada in ji ka buɗe baki ka ce ƙabila kaza ɓarayi ne. Ranar da taya ta fashe mini kusa da Ogbomosho, wani tsoho Bayerabe ne ya kwana yana gadin kayana, ko sisi ya ƙi karɓa.

In ka sauka Agege, nemi mutanenmu da suka daɗe a can, ka tambaye su hanyar da ba a bi da dare. Motar haya kuma a tasha za ka shiga. Wadda ta tsaya maka a bakin titi da fasinja uku a ciki suna zaune shiru, ƙyale ta ta wuce.