Waƙar da ya goge a kasuwar Gaya

Kafin ya samu aikin koyarwa a wata firamare ta ƙasar Ajingi, sana'arsa tura waƙa ce. Yana da tebur a bakin kasuwar Gaya, da tsohuwar kwamfuta, da ƙaramin janareta wanda ba ya tashi sai an lallashe shi. Wajen shekarar 2010 wani direba mai jigilar shanu daga Maigatari ya miƙo masa memori, ya ce, "Maigida, kwashe abin da ke ciki, ka zuba mini na Kano." A cikin tarkacen akwai wata waƙa da ba ta da suna, sai lamba.

Kunnensa ya san rabin abin da ya ji. Gangar ta kwamfuta ce, irin ta sutudiyon Kano. Muryar kuma an bi ta da Auto-Tune har ta sirance tana karkarwa, kamar ta mawaƙan nanaye. Sai dai harshen ba Hausa ba ne, kuma a ƙarƙashin muryar akwai jita tana zagaye wuri guda ba gaggawa, kamar mai garaya da dare ya yi masa tsawo. Ya kunna wa masu tsayawa a teburinsa. Wani ya ce waƙar Indiya ce ta lalace, wani ya ce ta mutanen ɓoye ce. Ba wanda ya biya a tura masa. Ranar da kwamfutar ta cika, ita ya fara gogewa.

Sunan waƙar "Tahoultine", daga Anar, kundin farko na Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Yana yaro ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, domin gidansu ba sa ƙaunar kiɗa. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki Anar da harshen Tamashek, amma da kayan aikin waƙar fim ɗin Hausa. Nan gwajin yake. Jitar Abzinawa, wadda Tinariwen suka kai duniya, an san ta da murya tsirara da tafi. Shi kuwa ya tsoma ta cikin na'urar da 'yan boko ke yi wa kallon maganin marasa murya, sai ta fito da wani amo mai shawagi, wanda mai sauraro ba ya iya cewa ga inda mutum ya ƙare na'ura ta fara.

Irin wannan jirkita ji shi ne abin da mawaƙan rok na Amurka da Ingila suka nema a ƙarshen shekarun 1960, suka kira shi saikedelik: a ja sauti, a maimaita shi, a bar shi ya yi amsa-kuwwa har lokaci ya ɓace wa mai ji. Jimi Hendrix ne gwanin salon, kuma bahago ne kamar Mdou. Su da gangan suka nufi wurin. Sutudiyon Sakkwato kuwa abin da ya saba yi kullum ya yi, baƙon ne ya zo da wata buƙata.

Ba kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi tafiya, ta Bluetooth da memori, wato ta hannun mutane irin mai teburin Gaya. A haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci "Tahoultine", ya sa ta a tarin Music from Saharan Cellphones na 2011, sannan kamfaninsa Sahel Sounds ya buga Anar a faifai a 2014. Daga baya Mdou ya kafa cikakkiyar ƙungiya, ya koma jitar lantarki mai ƙara, har Afrique Victime ya fito a 2021 a ƙarƙashin Matador. Da yawa daga masu yabonsa a yau suna ɗaukar Anar a matsayin ƙuruciya. Wannan kuskure ne: a cikin kundayensa babu wanda ya fi shi ƙarfin hali.

Malamin bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba sai bara, da ƙaninsa mai karatu a Kano ya turo masa waƙar, ya rubuta, "Yaya, ji abin da Turawa ke saye." Daƙiƙa kaɗan ya gane ta. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, a garin da tarihi ya ce maƙeransa ne suka fara zama a gindin Dala, ya riƙe sabuwar ƙira a hannunsa, ya auna ta da abin da kasuwar ranar za ta saya.

A ƙarƙashin gadonsa akwai gwangwanin madara cike da tsofaffin memori na wancan zamani. Ya ari abin karanta su a wurin wani mai gyaran waya. Ya buɗe goma sha ɗaya, bakwai sun mutu, sauran yana bin su lamba bayan lamba idan an tashi daga makaranta.