Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Shekarar da Panda ta Shigo Wasanmu

Kalmar baƙo tana cikin kalmomin da ɗalibin Hausa yake haddacewa tun a makon farko, amma yakan daɗe kafin ya ji nauyinta. Wanda ka shimfiɗa wa tabarma, ka kawo masa ruwan sha, baƙo ne. Wanda ka gani a bakin kasuwa ba ka san asalinsa ba, har ka ƙara dafe aljihunka, shi ma baƙo ne. Faransanci da Turanci sun ba kowannensu kalmarsa, Hausa kuwa ta haɗa su a kalma ɗaya, ta bar wa mai masauki ya zaɓi wanda zai gani. Ni dai ban gane wannan sosai ba sai a shekarar 2012, kuma a cikin wasan kwamfuta na gane shi.

Sunan wasan World of Warcraft. Kamfanin Blizzard na jihar Kalifoniya a Amurka ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2004, ya iso Turai a Fabrairun 2005. Dubban mutane ne suke shiga duniya ɗaya ta hanyar intanet, kowa ya ƙirƙiri jaruminsa, ya zaɓa masa ƙabila da sana'ar yaƙi. Duniyar ta rabu gida biyu masu gaba da juna, Alliance da Horde, kuma da farko kowane gida yana da ƙabilu huɗu. Gabar har a harshe take: idan ɗan wancan gida ya rubuta magana a gabanka, wasan yakan rikiɗa haruffan su koma gwalan-gwalan, ba za ka fahimci ko kalma ɗaya ba.

Na shiga wasan a 2008, lokacin da na bar gida na je karatu Faransa, na sauka wurin kawuna. Na zaɓi gidan Horde, na kuma zaɓi ƙabilar Blood Elf, wasu dogaye, sirara, masu tsinin kunnuwa da kyan fuska. Na samu ƙungiya ta masu magana da Faransanci, muna haɗuwa da dare mu goma mu shiga kogon dodanni. Cikin shekara uku na zama ɗan gari, ina koya wa sababbi hanya, ina kuma yi musu dariya idan sun ɓace.

A watan Oktoba na 2011, a taron shekara-shekara da kamfanin yake yi a birnin Anaheim, aka sanar da sabon babin wasan mai suna Mists of Pandaria, tare da sabuwar ƙabila, Pandaren. Siffarsu ta panda ce, dabbar nan ta ƙasar Sin mai launin fari da baƙi da ke cin gora, sai dai suna tafiya da ƙafa biyu, suna son girki da barasa da dambe. Kafin gari ya waye ƴan wasa sun rabu. Wasu sun yi murna, amma muryar masu fushi ta fi tashi, kuma ƙorafinsu uku ne. Na farko, wai an kwaikwayi fim ɗin yara na Kung Fu Panda, wanda ya fito a 2008. Na biyu, wai an yi haka ne don neman kuɗin ƴan wasan ƙasar Sin. Na uku, wanda ya fi ci wa mutane rai, wai duniyar yaƙi da jini za ta koma filin wasan yara, musamman da aka ce za a ƙara wasan haɗa ƙananan dabbobi faɗa, abin da kowa ya kamanta da Pokémon.

Akwai tsoro a ƙarƙashin wannan fushi. A Oktoban 2010 masu biyan kuɗin wasan sun kai miliyan 12, bayan shekara ɗaya suka sauko zuwa miliyan 10.3. Kowa ya ga abokansa suna raguwa, kuma idan gari ya fara watsewa, ba a rasa wanda za a ɗora wa laifi. Panda ta zo a daidai lokacin.

Ƙorafin farko ba shi da tushe, kuma duk wanda ya so sani zai sani. Wani mai zanen kamfanin, Samwise Didier, shi ya ƙirƙiro Pandaren. A ranar 1 ga Afrilu na 2002 kamfanin ya sanar da su a matsayin zolaya irin ta wannan rana, mutane suka so su, har a 2003 aka sa wani jaruminsu, Chen Stormstout, cikin wasan Warcraft III. Shekara biyar ke nan kafin fim ɗin. Na karanta wannan tun a lokacin, amma ban daina maimaita zancen fim ɗin ba, domin ya yi mini daɗin faɗa. Na shiga sahun masu fushi, na yi ta rantsuwa cewa ranar da panda ta shigo, ranar zan fita.

Ta shigo ranar 25 ga Satumba na 2012, ban kuwa fita ba.

Kawuna yana da ɗa, shekararsa goma sha uku a lokacin, ɗakinmu ɗaya. Shekara huɗu yana zaune bayana yana kallon wasana, bai taɓa neman shiga ba, domin dodannin suna ba shi tsoro. Da ya ga panda sai ya matsa wa mahaifinsa har aka biya masa. Wata rana da yamma ya kira ni, da Hausa kamar yadda muke yi a ɗaki: “Yaya, zo ka ga abin da na yi.” Na leƙa, sai ga wani ƙaton Pandaren mai tumbi yana riƙe da sanda.

Pandaren sun bambanta da duk ƙabilun da suka gabace su da abu ɗaya. Ba a haife su cikin gaba ba. Suna fara rayuwa a wani tsibiri da ke bisa bayan wani ƙaton kunkurun teku mai yawo, kuma sai sun gama koyon yaƙi a can sannan wasan ya tambaye su gidan da za su bi. Yaron ya kusa kaiwa wannan mararraba. Ya ce: “Yaya, Horde zan zaɓa, ka sa ni cikin ƙungiyarku.” Na ce masa: “Da wannan abin? So kake a yi mini dariya? Ka goge shi ka yi jarumin kirki, sannan mu yi magana.” Bai ce kome ba. Ya mayar da abin sauraro kunnensa.

A daren na ba ƴan ƙungiya labari ina dariya. Shugabanmu, wanda yake wasa da ƙabilar Orc tun 2005, ya bari na gama, sannan ya ce: “Kai mai dogon kunne, ka san abin da muka faɗa game da ku?” Ya ba ni labarin da ya wuce kafin zuwana. A Janairun 2007 ne aka ƙara Blood Elf cikin Horde. Kafin nan gidan na masu haure ne da ƙaho da matattu masu tafiya, kuma ƴan gidan suna alfahari da muninsu. Da aka ce za a kawo musu kyawawa, sai suka ce an ɓata Horde, an jawo musu yara da masu son kallon madubi. “Ni kaina,” in ji shi, “na yi wata uku ba na gayyatar ko ɗayanku.” Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Ashe gidan da nake tsaron ƙofarsa, ni ma raɓewa na yi.

Washegari na je in gyara, na tarar bakin alƙalami ya bushe. Yaron ya sauka daga bayan kunkurun, ya zaɓi Alliance. Bayan makonni muka yi kiciɓis a wani daji na sabuwar nahiyar. Ya tsaya gabana, ya rubuta wani abu, haruffan suka iso mini a rikiɗe. Tsakanin kujerata da tasa bai wuce taku biyu ba, harshenmu ɗaya tun daga nono, amma ban iya karanta maganarsa ba, ban kuma yi ƙarfin halin waiwayawa in tambaye shi ba. Sai a 2022 kamfanin ya yarda ƴan gidajen biyu su shiga kogo tare, a lokacin kuwa shi ya daɗe da barin wasan.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne labarin da babin ya zo da shi. Babu kome na yara a cikinsa. Ƙasar Pandaren tana zaune lafiya har Alliance da Horde suka sauka a gaɓarta da yaƙinsu, suka tayar da wasu miyagun ruhohi da ake kira Sha, waɗanda suke cin fushi da tsoro da shakka da girman kai. A can mu ne baƙin, mu ne kuma muka yi ɓarna. Da yawan waɗanda suka yi zagi a 2011 sun dawo suna cewa babin yana cikin mafi kyau, har a Yulin 2025 kamfanin ya sake buɗe shi don masu kewa.

Ga ɗalibi mai son fassara irin wannan labari, akwai abin lura. Kalmar da wasan yake rubutawa race tana iya zama jinsi, ko iri, ko halitta, ko ƙabila. Jinsi da iri suna kallon siffar jiki. Halitta takan nesanta abu daga mutane. Ƙabila kuwa tana ɗauke da gari da harshe da tarihi, shi ya sa na zaɓe ta a nan. Yaron ma da ita ya kira su tun ranar farko, ni kuwa dabba nake cewa.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato ɗaya zai bushe da fitowar rana, ɗaya kuma saiwarsa na ƙasa. A wasan nan na ga raɓar da ta zama kaba cikin shekara uku, ta manta da safiyar da ta sauka. Yaron yanzu magidanci ne. Bara na tambaye shi abin da ya rubuta mini a dajin nan. Ya yi dariya, ya ce: “Sannu da zuwa na ce maka, Yaya. Ai ƙasarmu ka shigo.”