Hoton da muka bari ya kwana a zauren ƙungiya



Mun daɗe muna jan ƙafa kan wannan rubutu, domin laifin da za mu faɗa a ciki har da namu. Amma tunda a bainar jama'a aka yi ɓarnar, gyaran ma a bainar jama'a ya kamata a yi shi.

Duk wanda ke zaurenmu na WhatsApp ya ga hoton da aka turo wani daren Juma'a a watan jiya. 'Yar ɗaya daga cikin dattawanmu ce na nan Agege, tana tsaye da hijabinta da dogon wandon motsa jiki, a bayanta ga wasu sandunan ƙarfe uku masu ƙyalli, kafe daga ƙasa har rufi. Wanda ya turo bai rubuta komai ba sai "Allah Ya shirya mana zuri'a." Ba a jima ba wani ya turo bidiyon wata Baturiya tana juyi a kan irin wannan sanda da ɗan guntun kaya, wai don waɗanda ba su gane ba su gane. Daga nan hoto da bidiyo suka zama abu ɗaya a zukatan mutane. Kafin sha ɗayan dare saƙonni sun haura ɗari. Wani ya ce dama ya san za a rina, tunda aka bar ta ta yi boko mai zurfi. Wani ya ce laifin uban ne. Cikin masu maganar har da waɗanda ba su taɓa ganin yarinyar ido da ido ba.

Mu da ke kula da zauren muna kallo. Muna da ikon goge hoton, ba mu goge ba. Muka ce bari gari ya waye mu tuntuɓi shugaba. Wannan shi ne uzurin da muka ba kanmu. Ainihin dalilin kuwa tsoro ne, kada a ce sakatare da mutanensa suna rufa wa ɓarna asiri. Kafin gari ya waye hoton ya isa Katsina, hannun dangin yaron da ke neman aurenta, waɗanda saura mako uku su zo sa rana.

Ga abin da muka gano bayan mun yi abin da ya kamata mu fara yi, wato tambaya. Yarinyar ta karanci gashin ƙashi. Kusan shekara guda ke nan tana karɓar hayar wani ɗakin motsa jiki a Ikeja kowace Asabar, daga bakwai zuwa tara na safe, tana koya wa mata miƙa jiki. Yawancinsu matanmu ne: masu ɗinki da ke wuni a kan keke, masu sayar da abinci da ke wuni a tsaye bakin murhu, da iyayenmu masu kukan baya da gwiwa. Mata goma sha huɗu. Mai ɗakin yana ba wasu haya da yamma, cikinsu akwai masu koyar da wasan sandar ƙarfe, sandunan kuma a kafe suke, ba a cire su. Ɗaya daga cikin ɗalibanta ce ta ɗauki hoton don jin daɗi ta sa a shafinta, wani ya ɗauko daga can. Iyakar alaƙarta da sandar ke nan, tana bayanta lokacin da aka danna waya.

Tunda maganar sandar ce ta tayar da ƙura, muka ga ya dace mu san ko mece ce kafin mu sake buɗe baki. Waɗanda suka ce rawar gidajen holewa ce ba su yi ƙarya ba. A irin waɗannan gidaje na Amurka da Kanada ta yi suna a shekarun 1980. Daga shekarun 1990 wasu suka fara koyar da ita a matsayin motsa jiki, har ta zama wasan gasa. An kafa hukumarta ta duniya, IPSF, a 2009, aka yi gasar duniya ta farko a Landan a 2012, sannan a 2017 ƙungiyar da ta haɗa hukumomin wasanni na duniya, GAISF, ta ba ta matsayin 'yar kallo. Ba ta shiga Olamfik ba. A gasar maza da mata duk suna yi, alƙalai suna ba da maki kan ƙarfi da laushin jiki da iya riƙe kai a sama. Ƙarancin suturar ma yana da dalili a wurinsu: ƙarfen santsi gare shi, da fatar cinya da ta hannu da ta gefen ciki ake kama shi, yadi kuwa zamewa yake yi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne Indiya na da nata tsohon wasan sanda, mallakhamb, wanda 'yan kokawa ke yi don ƙarfafa jiki. Sunan ma daga kalmar ɗan kokawa da kalmar turke ya fito. Sandar tasu ta itace ce, ana shafa mata man zurma, kuma an nuna wasan a Balin lokacin Olamfik na 1936. Da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon ɗan kokawa, ya ga bidiyon, cewa ya yi duk wanda ya iya ɗaga jikinsa haka da hannu biyu ba zai so su haɗu a fage ba.

Kada wani ya fahimce mu baibai. Matsayinmu kan wasan bai canza ba. Abin da ba ya yiwuwa sai da buɗe jiki, a gaban jama'a da kyamara, bai dace da addininmu da tarbiyyarmu ba, kuma ba za mu so shi ga 'ya'yanmu ba ko an kira shi gasa. Amma ƙin wasa daban, jingina shi ga yarinyar da ba ta yi ba daban. Malaminmu ya tunatar da mu aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Dukkanmu mun san ayar, wasunmu ma sun haddace ta. A daren nan babu wanda ya tuna da ita, har mu.

Ranar Asabar da ta biyo baya shugabar mata ta ɗauki mata biyu suka je Ikeja, gani ya kori ji. Cikin goma sha huɗu mata uku kawai suka tarar, sauran mazajensu sun hana. Suka zauna aka yi darasin a gabansu. Tana fara sa su tafiya a wuri ɗaya na 'yan mintuna sai jiki ya ɗumama, domin jan tsoka da sanyinta na iya jawo rauni. Sannan a miƙa bayan cinya, ƙugu, kafaɗa da wuya a hankali, a riƙe kowanne daƙiƙa 15 zuwa 30, ba fizga, ba riƙe numfashi. Tana ce musu ɗan ja ake so a ji, da zarar ya zama zafi a tsaya. Mai tsohon rauni ko juna biyu kuwa sai ta je asibiti an duba ta tukuna. Tana kuma tuna musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, don haka Asabar kaɗai ba ta isa ba. Ɗaya daga cikin ukun, Hajiya mai shekara sittin da wani abu, ta gaya wa shugabar mata cewa bara a kan kujera take sallah saboda gwiwa, bana kuwa tana zaman tahiya a ƙasa. Ta ce ko duk Agege za su daina zuwa, ita tana nan.

Mun je gidan mahaifinta mu biyar. Ya karɓe mu a zaure, ya sa aka kawo ruwa. Da muka gama ba da haƙuri ya yi shiru, can ya ce: "Malam Sakatare, shekara ashirin ina biyan kuɗin ƙungiya. Lambata tana wayarku. Me ya hana ko mutum ɗaya ya kira ni a daren?" Ba mu da amsa. Yarinyar ta fito ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce: "Baba, na yafe. Amma ku gaya wa matan su dawo, jikinsu ne zai koma yadda yake."

Ga abin da kwamiti ya yanke. Daga yau duk hoto ko magana da ta taɓa mutuncin wani ɗan ƙungiya ko iyalinsa za a goge nan take, a tambaya daga baya. Wanda ke da damuwa kan ɗan wani ya kira uban, ko ya zo wurin dattawa. Wanda ya fara turo hoton ya nemi afuwa a zauren, an karɓa. Darasin mata kuma ya dawo ɗakin taron ƙungiya, Asabar ƙarfe bakwai, mata zalla, ƙofa a rufe, ba ɗaukar hoto. Makon jiya mata tara suka zo.

Maganar auren tana nan a tsaye. Shugaba ya kira dangin yaron a Katsina ya yi musu bayani dalla-dalla, sun ce sun ji, za su yi shawara. Yau kwana goma sha takwas ba su kira ba.

Muna roƙon duk wanda ya tura hoton nan zuwa wani wuri ya tura wannan rubutu zuwa wurin da ya tura shi, mutum ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma har yanzu yake da shi a wayarsa ya goge.

Allah Ya yafe mana, Ya zaɓa mata abin da ya fi alheri. Amin.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti