Tekun Da Ke Kan Zanen Gado Da Tekun Da Ke Ikko

Akwai wani irin zanen gado da ake sayarwa a manyan kasuwanninmu, wanda aka buga wa hoton teku a lokacin hadari. Ga sama ta yi baƙi ƙirin, ga igiyar ruwa ta tashi ta daki duwatsu, kumfa ya watsu fari fat kamar an baza auduga. Akan haɗa shi da rigunan matashin kai, a sa cikin kayan ɗakin amarya. Da yawa daga masu barci a kansa ba su taɓa ganin teku ba, sai dai labari.

To, mai karatu, gani ya kori ji. A da, bakin tekun da ya fi suna a ƙasar nan shi ne Bar Beach, a tsibirin Victoria, cikin Ikko. Da damina tekun Atlantika yakan hasala a wurin. Rugugin ruwa ba ya yankewa dare da rana, iska kuma ɗauke take da gishirin da ke cin ƙarfe. Hoto ba ya kawo wa mutum wannan ƙara, balle fargabar da ke tattare da ita.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Wajen 1908 Turawan mulkin mallaka suka fara jera manyan duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa, domin kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Shi kuwa yashin gaɓar nan, igiyar ruwa ce ke tura shi daga yamma zuwa gabas. Da aka tare shi sai ya taru a yamma, Bar Beach da ke gabas ya rasa mai cike masa gurbi. Teku ya yi ta cin ƙasa shekara da shekaru, gwamnati na zuba yashi, ruwa na kwashewa, har ya kai ga malalowa kan titin Ahmadu Bello. A watan Agusta na shekarar 2012 ambaliya ta auka wa Kuramo, maƙwabcin wurin, aka yi hasarar rayuka.

Daga 2008 aka shiga aikin cike gaɓar domin gina sabon gari mai suna Eko Atlantic, aka kewaye shi da ganuwar duwatsu da kankare. Titin Ahmadu Bello ya tsira. Sai dai filin yashin da talakan Ikko ke zuwa shan iska ran Salla da Kirsimeti, inda yara ke hawan dokin haya, masu fararen riguna ke addu'o'insu, ya zama tarihi.

Har ila yau ba a rabu da Bukar ba. A ƙauyukan gabas, irin su Okun Alfa, ruwa ya ci gidaje da hanya, mazauna kuwa suna kukan cewa fushin da ganuwa ta kore, kansu ya komo. Ya kamata hukuma ta dube su da idon rahama, domin masunci ma ɗan ƙasa ne. Allah Ya kiyashe mu da sharrin ruwa, amin.