Aji a Bayan Katanga

Malamin firamare na ƙauye yakan ɗauka babu irin ajin da bai gani ba. Haka na ɗauka ni ma, bayan shekaru ina koyarwa a yankinmu na Tudun Kaya, har lokacin da aka nemi 'yan sa-kai su koyar da karatu da lissafi a wani gidan tsare ƙananan yara. Na tafi da alli da girman kai. Allin ne kawai ya yi mini amfani.

1. Rajistar ajin tana hannun alƙali. A Karaye da Rogo mun san abin da ke rage ɗalibai: damina ta faɗi yara su bi iyaye gonar masara, ranar kasuwa 'yan mata su tafi talla. Malami ya san lokacin, yana shiri. Can kuwa yaro zai shigo yau daga kotu, ka fara gane rubutunsa, sai a ce an ba da belinsa, ko an mayar da shi wani wuri. Da yawa cikin waɗanda na tarar jiran shari'a suke yi, su kansu ba su san ranar fita ba. Ni kuma na zo da tsarin darasi na zango guda cur, an ja layi da jan biro. Dole na koma darasin da zai fara yau ya ƙare yau. Wata safiya na ga benci ya cika, na ce alhamdulillahi, ɗalibai sun ƙaru. Wani dattijon ma'aikaci ya dube ni ya ce, "Malam, nan ba a murnar cikar aji."

2. Tsawon yaro ba ya faɗin ajinsa. Na jera su bisa tsayi da shekaru, sai na haɗa wanda ya kai aji ɗaya na babbar sakandare da wanda bai taɓa riƙe fensir ba. Wannan da sauƙi. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne wani almajiri da na rubuta a gaban sunansa cewa bai iya karatu ba, don ya kasa bambance "b" da "d". Daga baya na same shi a gindin bango yana rubuta wa abokinsa wasiƙa zuwa gida da ajami, hannu mai kyau wanda nawa bai kama ƙafarsa ba. Na tambaye shi me ya hana ya gaya mini. Ya ce, "Ai ba ku tambaya ba, Malam." Da na fara rubuta masa kowane harafin boko kusa da ɗan'uwansa na ajami, sai ya wuce waɗanda na ɗora a gabansa. Haka wani da ya yi sayar da fetur a kwalba: a allo ya kasa raba lamba, amma ka ce masa lita kaza a kan naira kaza, kafin ka rufe baki ya ba ka canji. Makin da na riƙa ba su a farko, jahilcina yake aunawa.

3. Jarrabawa tana son mai adireshi. Kafin yaro ya zauna jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ko WAEC, ko NECO, sai an yi masa rajista watanni kafin lokaci, da hoto, da kuɗi, da makin aikin aji, da cibiyar da zai zauna. Wa zai rantse inda yaron da ke jiran shari'a zai kasance a watan Yuni? Inda karatu ya fi samun gindin zama shi ne gidajen Bosta na Gwamnatin Tarayya, waɗanda dokar 1962 ta tanada don matasa 'yan shekara 16 zuwa 21, saboda can ana daɗewa, har a koyi sana'a. Amma waɗanda aka sani uku ne, Kaduna da Ilorin da Abeokuta, ga ƙasa mai jihohi 36. A 2019 an sauya wa hukumar gidajen yari suna ta koma ta gyaran hali, kuma manya a wasu gidajen suna karatun digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Ɗan shekara goma sha uku da aka kama da wayar wani, shi ne ya faɗa tsakani.

4. Ba kowa kotu ke kawowa ba. Wani uban da kansa yake riƙo hannun ɗansa ya ce ya gagare shi. Na daɗe ina zagin irin waɗannan iyaye a zuci, musamman bayan Satumbar 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake ganin irinsa a Daura. Sai da na zauna da wani uba da ɗansa ya sayar da buhunan takin gida ya sha ƙwaya na rage baki. Makarantar gyaran hali ta Kiru, wadda aka kafa zamanin Kwankwaso, ga ta nan maƙwabtanmu, amma gida ɗaya ba ya ɗaukar damuwar jiha guda.

5. Fita ta fi shiga wuya. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta sa hannu a dokar kare yara a 2023. Duk da haka yaron da aka sallama yakan dawo ƙauye ba takardar canjin makaranta, ba katin sakamako, sa'o'insa sun wuce shi da aji guda. Labarinsa kuwa ya riga shi isowa. Iyayen sauran yara su fara zuwa wurin hedimasta da "ranka ya daɗe, kada a zaunar da shi kusa da nawa." Ni da nake wannan dogon bayani, ranar da aka kawo irinsa ajina, sai da na ɗauke wayata daga kan tebur na sa a aljihu, kuma ya gani. Bai gama zangon ba, ya tafi Kano aikin gini. Tun daga nan, duk yaron da za a sallama ina rubuta masa takarda da hannuna: inda ya kai a karatu, inda ya kai a lissafi, ajin da ya dace da shi. Wasu hedimastocin sun karɓa, wasu sun ce sai mai hatimi.